Brock ya hana ni wucewa a Radical Red, sebin ɗina kuma ya ɓace: amsa ga ƙanenmu na Gombe

Tambayar ta wani ƙanenmu ce ɗan Pantami a Gombe. Ya ce ya buga Pokémon FireRed tun yana ƙaramar sakandare har ya gama shi. Kwanan nan abokinsa ya tura masa Radical Red ta Xender, ya ce masa FireRed ne aka yi wa gyara. Ya fara, sai Brock, shugaban jim na farko, ya tare masa hanya. Ya koma ciyawa neman ƙarin lebul, lebul ya ƙi hawa. Ana cikin haka ya buɗe wata safiya ya tarar babu sebin, wato ajiyar inda ya kai a wasan. Yana so ya sani ko gem ɗin ne ya lalace ko wayarsa ce, kuma yaya ake buga irin wannan har ƙarshe.

Ƙanena, gem ɗin bai lalace ba, wayarka ma lafiyarta ƙalau. Abin da ke kayar da kai shi ne sanin da ka yi wa FireRed. Taswirar Kanto ce dai, gidajen ne, kiɗan ne, don haka hannunka yake buga shi yadda ya saba, alhali dokokin faɗan da ke ƙarƙashi an sauya su gaba ɗaya. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da sebin, domin shi ne ba ya jira.

Ajiya iri biyu ce a emuleta, wato manhajar da ke buɗe irin wannan tsohon gem a waya. Akwai wadda gem ɗin kansa yake yi idan ka danna Start ka zaɓi SAVE. Ita ce ke fitar da fayil mai ƙarewa da .sav, kuma a FireRed da Emerald girmansa kilobait 128 ne kacal. Akwai kuma wadda emuleta yake yi, ya daskarar da komai a daidai inda kake ko da tsakiyar faɗa ne. Ta biyun ta fi sauƙi, shi ya sa yara suka fi dogara da ita, amma ba ta da amana. Ba ta buɗuwa a wani emuleta daban, kuma sau da yawa ba ta tsira idan ka sabunta manhajar ko sigar gem ɗin. Ka riƙa yin duka biyun, amma ka ɗauki .sav a matsayin dukiyarka ta gaske.

Kafin ka yanke ƙauna, buɗe manajan fayil ka nemi duk abin da ya ƙare da .sav. Emuleta yana neman sebin mai suna iri ɗaya sak da na gem ɗin. Idan abokinka ya sake turo maka fayil ɗin, ko ka sauke shi sau biyu, waya takan maƙala wa na biyun lamba a ƙarshen suna, kai kuma ka buɗe sabon ba ka lura ba, sai ya nuna maka NEW GAME kaɗai. A nan Bauchi, mafi yawan yaran da ke kawo mini wannan kuka a shago wannan ce matsalarsu, kuma gyaranta bai wuce sauya suna ba. Idan kuma tun farko gem ɗin yana nuna maka wani rubutu da ke ambaton 1M sub-circuit board, to nau'in ajiyar ne ba a saita ba. Shiga saitin emuleta ka zaɓi Flash 128K. Tsohon VisualBoyAdvance ne ya fi wannan hali, mGBA kuwa yakan gane da kansa. Dalili na uku shi ne mai zafi. Manhajojin share shara na waya suna iya kwashe fayil ɗin, kuma a sababbin Android, idan emuleta yana ajiya a cikin Android/data, ranar da ka cire shi daga waya ajiyar ta tafi tare da shi. Wannan ba ya dawowa. Daga yau, duk bajin da ka ci a hannun shugaban jim, ka tura wa kanka fayil ɗin .sav ta WhatsApp ko Telegram. Bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

Sai maganar abin da abokinka ya turo. Duba ƙarshen sunansa. Idan .gba ne, to. Idan .apk ne, wato an naɗe gem ɗin cikin manhaja ana so ka girka, kada ka girka, domin ta nan ake cusa talla da manhajojin leƙen asiri. Masu yin waɗannan gyare-gyare ba sa raba gem cikakke. Faci suke rabawa, ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ips ko .ups ko .bps wanda ya ƙunshi sauye-sauyensu kaɗai, kai ne za ka ɗora shi a kan asalin gem ta UniPatcher a waya ko Rom Patcher JS a burauza. FireRed na Amurka siga biyu ne, 1.0 da 1.1, kuma kusan duk manyan gyare-gyaren a kan 1.0 aka gina su. Ka ɗora a kan 1.1 ka ga farin allo ko rubutu a hargitse. UPS da BPS suna duba ko asalin da ka ba su shi ne daidai, su yi maka gargaɗi, IPS kuwa ba ruwansa, duk abin da ka miƙa masa zai rubuta a kai.

Dalilin raba faci kaɗai a bayyane yake: asalin gem ɗin mallakar Nintendo da Game Freak ne, kuma irin kamfanonin nan ba sa wasa da haƙƙinsu. A 2009 Square Enix ya tsayar da Crimson Echoes, wani gyaran Chrono Trigger da ya kusa kammala. A Disamba 2016 lauyoyin Nintendo suka tsayar da Pokémon Prism ana saura kwanaki a sake shi. Ko Romhacking.net, rumbun da ya daɗe yana tara irin waɗannan ayyuka, ya daina karɓar sababbi a Agusta 2024. Don haka facin da ka samu da takardun bayaninsa, ka adana su a wajenka.

To, mu koma ga Brock.

A FireRed na 2004 Pokémon biyu gare shi, Geodude a lebul 12 da Onix a lebul 14. Dukansu dutse da ƙasa ne a haɗe, don haka ruwa ko ciyawa na yi musu ɓarna ninki huɗu. Squirtle ya fesa Bubble sau biyu an gama. Ko wanda ya ɗauki Charmander yana da Metal Claw a lebul 13, ga Mankey a Route 22. Daga nan har ƙarshe dabara ɗaya ta ishi mutum: ka fifita Pokémon ɗaya, ya zarce kowa da lebul goma, ya riƙa tattake duk wanda ya tsaya. Haka yawancinmu muka gama shi, da Charizard ɗaya da 'yan rakiya biyar.

Wannan ƙofar ce Radical Red ya fara rufewa. Akwai iyakar lebul kafin kowane babban faɗa, idan ka kai ta ba ka ƙara hawa sai ka ci bos ɗin da ke gabanka. Lokacin da ka ɓata a ciyawa ba laifin waya ba ne, da gangan aka yi. Kai da Brock lebul ɗinku kusan ɗaya, abin da ya rage shi ne wa ya fi shiri. Shi kuma an shirya shi. An ƙara masa Pokémon, an ba su kayan riƙo, an koya musu hare-haren da ke maganin ainihin abin da aka san za ka zo da shi, an kuma gyara tunanin kwamfutar ta yadda ba ta zaɓen hari da ka. Kuma ba shi kaɗai ba ne, har shugabannin jim na Johto an shigo da su cikin Kanto su tare ka a hanya.

Akwai sauye-sauye a dokokin faɗa waɗanda dole ka sake koyo, domin gyaran ya kwaso tsarin sababbin Pokémon ya zuba cikin tsohon gida. Mafi girma shi ne rabon hari. A zamanin FireRed nau'in hari ne ke yanke wane ƙarfi za a yi amfani da shi. Duk harin wuta, ruwa, ciyawa, lantarki, ƙanƙara, Psychic, Dragon da Dark da Special Attack ake lissafa shi, sauran kuma da Attack. Tun Diamond da Pearl na 2006 aka sauya, kowane hari da nasa rukuni. Ɗauki Gyarados. Ƙarfinsa a Attack yake, 125, amma a tsohon tsari duk harin ruwa na ɗaya ɓangaren ne, sai ya zama babban dodo mara haƙori a nau'insa. A sabon tsari Waterfall dukan jiki ne, Gyarados ya zama abin tsoro. Gengar kuma akasin haka: Special Attack 130 gare shi, amma Shadow Ball a da da Attack ake lissafa shi. Ma'ana, Pokémon da ka raina a da wataƙila shi ne maganinka yanzu, wanda ka sani da ƙarfi kuma wataƙila hare-haren da ka saba koya masa ba su dace da shi ba kuma. Kafin ka koya wa kowa hari, duba alamar da ke jikin harin, ka duba wane ƙarfi ya fi yawa a Pokémon ɗin.

Sai nau'in Fairy, wanda ya shigo da X da Y a 2013. Harin Dragon ba ya taɓa shi ko kaɗan, yana cin Dragon da Dark da Fighting, ƙarfe da guba kuma suna cin sa. Clefairy da ka sani a Mt. Moon a matsayin Normal yanzu Fairy ce, ka kai mata naushi ka ga rabin ɓarna kawai ya yi. A shekarar ce kuma Mega Evolution ya shigo, Pokémon ɗaya a faɗa ɗaya, kuma manyan bos za su yi maka shi tun kafin kai ka saba da naka.

Baiwa da kayan riƙo su ne ke ba sabon shiga mamaki a wajen Brock. Geodude da Onix suna iya zuwa da Sturdy, wadda tun 2010 aikinta shi ne hana Pokémon faɗuwa da duka ɗaya idan jininsa a cike yake. Focus Sash ma haka yake yi. To ka ga lissafinka na ninki huɗu ya rushe: ka buga, ya rage da ɗigon jini, ya rama, naka ya faɗi. Maganinsa shi ne ka fara gutsure jinin da ƙaramin abu, ko hari mai bugu biyu irin Double Kick na Nidoran, ko ka ajiye mai harin da ke riga na abokin faɗa irin Quick Attack, Aqua Jet ko Mach Punch ya ƙarasa. Choice Scarf kuma yana ƙara gudu da rabi, shi ya sa wani lokaci za ka ga wanda ka san ka fi shi sauri ya riga ka. Amma yana ɗaure mai riƙe da shi a kan hari ɗaya har sai ya fita, kuma wannan ɗaurin shi ne damarka.

A nan ne gem ɗin yake komawa dara. Mai dara ba ya kallon ɗan da zai ajiye yanzu kawai, yana kallon inda abokin wasa zai ajiye nasa. Kwamfutar da aka gyara tana da hali: idan ta ga harin da zai kashe wanda ke gabanta, shi takan zaɓa. Wannan wayo ne, amma wayo ne da ake iya karantawa. Idan Gyarados ɗinka na fili kuma abokin faɗa yana da lantarki, ka san abin da ke zuwa. Ka janye shi ka saka mai nau'in ƙasa, lantarkin ya faɗi a banza, ka samu juyi ɗaya kyauta. Ka haddace waɗannan: lantarki ba ya taɓa ƙasa, harin ƙasa ba ya taɓa mai tashi, Normal da Fighting ba sa taɓa Ghost, Psychic ba ya taɓa Dark. A tsohon FireRed mutum na iya gamawa bai taɓa musanya Pokémon a tsakiyar faɗa ba. A nan rabin nasara musanya ce.

Ɗaya rabin kuma hare-haren da muka saba gogewa ne don ba sa rage jini. Will-O-Wisp yana ƙona abokin faɗa, ƙuna kuma tana raba ƙarfin dukan jikinsa biyu. Thunder Wave yana kashe masa gudu, kuma sau ɗaya cikin huɗu yakan kasa motsi. Baiwar Intimidate, irin ta Gyarados da Arcanine, tana rage Attack ɗin abokin faɗa duk lokacin da mai ita ya shigo fili, don haka fitar da shi ka dawo da shi ma hari ne. Protect yana nuna maka abin da yake nufi ba tare da ka biya komai ba. Yaro yakan cika gurabe huɗu da manyan duka, ya yi mamakin yadda ake cin sa. Bar gurbi ɗaya ko biyu ga irin waɗannan.

Abu mafi wuya a zuciya shi ne rabuwa da tawaga. Mun saba da shida tun daga Pallet, garin farko, har Indigo Plateau, inda ake faɗan ƙarshe, har suna muke raɗa musu. A Radical Red akwatin kwamfuta shi ne tawagarka, shidan da ke hannu kuwa na faɗan yau ne kawai. Kama duk sabon abin da ka gani a kowace hanya, ga DexNav an saka don sauƙaƙa nema. Idan Charmander ɗinka ba shi da aiki a gaban Brock, ajiye shi, zai dawo a wajen Erika, shugabar jim ɗin ciyawa. Kada ka ji tsoron Kadabra, Machoke, Graveler da Haunter don a da sai an yi musaya da wani suke rikiɗa. Irin waɗannan gyare-gyare sukan buɗe wata hanyar, tunda an san kai kaɗai kake bugawa.

Masu gyaran suna fitar da takardu da ke nuna tawagar kowane bos, da hare-harensu da kayan riƙonsu. Wasu 'yan gidan gem suna ganin duba su satar amsa ce. Ni ban yarda ba. Wanda ya tsara faɗan shi ya fitar da takardar, kuma ya tsara shi ne da zaton ka karanta. Sanin abin da Brock yake riƙe da shi ba ya cin faɗan, sai ka zauna ka haɗa amsa. Idan kuma kana son ganowa da kanka, to ka ɗauki faɗan farko a matsayin leƙen asiri. Ɗauki biro da takarda, rubuta wa ya fara fitowa, wane hari ya yi, wa ya riga wani, jini nawa dukanka ya ci. Faɗuwa uku da rubutu ta fi faɗuwa talatin da fushi. Ka tabbata kuma takardar ta sigar da kake bugawa ce, domin tawagogin suna sauyawa daga siga zuwa siga.

Akwai lissafin da ke ɓoye wanda za ka ji ana ta ambato. IV lamba ce daga 0 zuwa 31 da ake haifar Pokémon da ita a kowane ƙarfi. EV kuma ana tara shi ne ta faɗa, jimilla 510, kuma a sabon tsari 252 ne iyaka a ƙarfi ɗaya. Ɗabi'u 25 ne, mafi yawansu suna ƙara kashi 10 cikin 100 a wani ƙarfi su rage kashi 10 a wani. Ɗabi'a kam ka kula da ita, Gyarados mai ɗabi'ar da ke rage Attack asara ce. Amma tara EV aiki ne mai cin sa'o'i, kuma Radical Red yana tambayarka tun farko ko kana son Minimal Grinding, tsarin da ke ɗauke maka wannan wahala. Tunda dai sebin ya tafi kuma wataƙila sabo za ka fara, zaɓe shi. Wanda ke biyan kuɗin caji a shago idan an ɗauke wuta bai kamata ya ƙarar da batir yana kashe Pidgey ɗari ba. Hardcore kuwa, wato tsari mafi tsanani, ka bar shi tukuna.

Maganar batir ta tuna mini da maɓallin gudu. Gem ɗin GBA, wato Game Boy Advance, na'urar da aka yi FireRed dominta, ba ya wahalar da ko ƙaramar Itel, amma idan ka bar shi yana gudu ninki huɗu ko takwas a zafin Maris da Afrilu na Gombe, waya za ta yi zafi caji ya zube. Yi gudu a tafiya da ƙyanƙyasar ƙwai, ka sauke shi a faɗan bos, domin yatsa mai danna A da sauri shi ke zaɓen harin da ba a yi niyya ba. Lambobin maguɗi na GameShark da CodeBreaker da aka rubuta don asalin FireRed kuma ka nisance su. Gyaran ya matsar da abubuwa daga inda suke, lambar sai ta rubuta a gurbin da ba nata ba, ka wayi gari da Bad Egg, wato lalataccen ƙwai, a akwati ko sebin da ba ya buɗuwa.

Yanzu tambayar da ba ka yi ba: shin Radical Red ne ma ya dace da kai? Labarinsa kusan na FireRed ne, faɗa ne kayansa. Idan abin da ka yi kewa shi ne yawo, sabon gari, sabon labari, to Pokémon Unbound ya fi. Shi ma a kan FireRed aka gina shi, amma yankinsa sabo ne, Borrius, da ayyukan gefe masu yawa, kuma kai ke zaɓen tsananin da kake so, daga mai sauƙi har zuwa Insane. Ni shi nake fara ba duk wanda ya dawo bayan shekaru. Renegade Platinum tsaka-tsaki ne mai kyau, sai dai na na'urar Nintendo DS ne, yana son emuleta irin melonDS da waya mai ɗan ƙarfi. Emerald Kaizo kuwa an yi shi ne don azabtarwa, kada wani ya ruɗe ka da shi. Haka dokar Nuzlocke, inda Pokémon na farko kaɗai kake kamawa a kowace hanya kuma duk wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Tana da daɗin kallo a YouTube, amma masu yin ta a kan waɗannan gyare-gyare sun riga sun san kowane faɗa.

Ba Pokémon kaɗai ake yi wa haka ba, kuma cutar ɗaya ce ko'ina. Final Fantasy VI na 1994 yana da kurakurai da 'yan wasa suka mayar da su dabara. Lambar kauce wa duka ba ta aiki yadda aka nufa, kuma idan ka yi wa bos Vanish ka bi shi da Doom yakan mutu nan take. Gyaran da ake kira Brave New World ya toshe waɗannan, ya kuma taƙaita wane jarumi ke iya ɗaukar wane Esper, wato halittun da ke koya wa jarumai sihiri, don kada kowa ya koyi sihiri iri ɗaya. Tsofaffin 'yan wasa su suka fi shan wuya a farkonsa, saboda dalilin da ya sa kake shan wuya a Pewter, garin Brock.

Idan ka wuce Brock, tsarin ba ya sauyawa, nauyi ne ke ƙaruwa. Za ka fara haɗuwa da tawagogin yanayi, masu kiran ruwan sama ko rana ko guguwar yashi tun shigowarsu don sauran su ninka gudu, da faɗan biyu-biyu inda Fake Out da Protect suke zama wajibi. Kafin kowane jim ka yi sebin a waje, ka sake zaɓen shida. Wuri ɗaya ne wannan ba zai yiwu ba, wato Elite Four: Lorelei, Bruno, Agatha, Lance, sannan zakara, faɗa biyar a jere da tawaga ɗaya, ba komawa akwati. Kafin ka shiga ƙofar nan ka kwafi .sav ɗinka ka ajiye daban da wani suna, domin idan ka yi sebin a ciki da tawagar da ba za ta kai ba, kana buƙatar inda za ka koma ka sake zaɓe.